Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Katsina: Idan Masai Ya Cika, Ina Za A Kai?

Mai girma Gwamna, Malam Dikko Umaru Raɗɗa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da addu'ar Allah Ya yi riƙo da hannunka a kan wannan nauyi da ka ɗauka, ina neman afuwa tun kafin in fara, domin maganar da na ɗauko ba irin wadda aka saba yi a gaban manya ba ce. Maganar masai ce da abin da ke cikinsa. Na yi aikin malamin gona a ƙauyukan jihar nan har na yi ritaya, yanzu kuma ina noma ɗan abin da ya samu a bayan gari. Da yake kai ma a fannin noma ka yi karatu har ka ƙure shi, na tabbata in na ambaci taki ba sai na yi maka dogon bayani ba. Sai dai wasiƙar a buɗe take, 'yan majalisarmu da sauran jama'a za su karanta, saboda haka ka yi haƙuri in na tsaya warware abin da ka riga ka sani.

A ƙarshen ranin bara sokawen gidana ya cika. Na sa aka kira mini motar kwasa, suka zo suka tsotse, na biya. Da direban zai tayar da mota sai na tambaye shi inda zai kai. Ya ce, "Baba, duk inda ta faɗi. In mun samu mai gona yana so, mu juye masa. In ba mu samu ba, akwai wani rami can bayan gari inda aka ɗebi ƙasar bulo." Bayan 'yan makonni, a kan hanyata ta zuwa gona, na tarar da inda wata mota ta juye nata a gefen burtali. Baƙin dagwalo ya malale, ƙuda ya rufe shi, awaki suna ratsawa, yara masu kiwo suna biye da su ba takalmi. Gangaren wurin kuwa yana kallon wani kwari da mutanen ƙauyen ke haƙa rijiyoyi a cikinsa. Ruwan farko yana sauka, can zai wanke shi ya kai. A wannan makon ne kuma na je sayen buhun kamfa, na ji farashin da ya sa na rage yawan abin da na yi niyyar shukawa. Na dawo gida da waɗannan abubuwa biyu a raina, domin na san cewa wani ɓangare na abin da na biya kuɗi mai yawa na saya a cikin buhu, shi ne na biya kuɗi aka kwashe daga gidana aka je aka zubar.

Duk manomi ya san lambobi ukun da ke jikin buhun kamfa, ko 15-15-15 ko 20-10-10. Ta farko naitirojin ce, abin da ke cikin yuriya, mai sa ganye ya yi kore shar. Wannan ba mu da fargaba a kansa, domin daga iska ake kamo shi da taimakon iskar gas, kuma Allah Ya hore mana gas. Matatar takin Ɗangote da aka buɗe a Legas a 2022 kaɗai an gina ta ne don ta yi tan miliyan 3 na yuriya a shekara, ga kuma Indorama a Jihar Ribas. Lambar tsakiya ita ce damuwata. Fosforas ne, abin da ke cikin takin da iyayenmu manoman gyaɗa suka sani da sunan sufa. Shi ke kafa saiwa, shi ke sa fure ya kama, ƙwaya ta cika. Inda ya yi ƙaranci za ka ga masara ta tsumbure, gefen ganyenta ya rine kamar an shafa masa shuni. Ƙasarmu ta jigawa, musamman daga Katsina zuwa Daura da Mai'aduwa da Zango, da ma can ba ta da shi da yawa, ga shi kuma mun daina barin gona ta huta.

Babu masana'antar da ke ƙera fosforas. Ko dai a haƙo shi daga dutsen da ake kira fosfet, ko kuma a maido wanda aka riga aka yi amfani da shi. Dutsen kuwa Allah bai raba shi daidai a duniya ba: kusan kashi 70 cikin 100 na abin da aka tabbatar da shi a ƙarƙashin ƙasa yana hannun Maroko. Akwai shi a yankin Sakkwato, akwai a Tawa ta Nijar, amma har yau bai zama abin da manominmu ke dogara da shi ba. Kamfanin takin sufa na gwamnatin tarayya da aka kafa a Kaduna a shekarun 1970 ma daga Togo ake kawo masa dutsen. Da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, ya so sauƙaƙa wa manoma taki, sai da Sarkin Maroko Muhammad na Shida ya zo Abuja a Disambar 2016 aka ƙulla yarjejeniya. Da fosfet ɗin Maroko aka tayar da masana'antun haɗa taki da suka durƙushe, aka sayar da buhun 20-10-10 a kan naira 5,500. Manoma sun ji daɗin shirin, ni ma na amfana. Amma ka dubi yadda abin yake: duk ƙwayar fosforas da ke cikin buhun nan sai ta hau jirgin ruwa, sai an biya ta da dala. A 2008 farashin dutsen fosfet ya ninka kusan sau takwas a kasuwar duniya cikin ɗan lokaci. A 2021 Chaina ta taƙaita fitar da nata. A 2022 yaƙin Rasha da Yukiren ya sake birkita kasuwar taki. Daga 2023 kuma darajar naira ta faɗi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da manomin Rimi ko Batagarawa ya jawo, amma duk a gonarsa suka sauka.

To ina fosforas ɗin yake tafiya bayan an zuba shi a gona? Gero ya zuƙe shi, a girbe, a kai kasuwa, a daka, a yi fura da tuwo. Jikin babban mutum ba ya riƙe komai a ciki sai ɗan kaɗan, kusan duk abin da ya ci yana fitar da shi, fiye da rabi ta fitsari, sauran ta bahaya. Ba sabon ilimi ba ne wannan. Wanda ya fara gano sinadarin, wani Bajamushe mai suna Hennig Brand a birnin Hambag, a 1669, daga fitsarin mutane ya tace shi. Masana suna ƙiyasta abin da mutum ɗaya ke fitarwa a shekara tsakanin sulusin kilo zuwa rabin kilo da ɗan ɗori, gwargwadon irin abincinsa. Bari in ɗauki mafi ƙaranci in yi lissafi da kaina. Ƙidayar 2006 ta ba jiharmu mutum miliyan 5.8, kowa kuma ya san mun wuce haka nesa ba kusa ba. Sulusin kilo sau miliyan 5.8 ya haura tan 1,900. Tsantsar fosforas da ke cikin buhun 20-10-10 mai kilo 50 kuwa kilo biyu ne da 'yan kai. Ke nan abin da ke shiga masanmu a shekara ya kai fosforas ɗin buhu sama da 800,000. Ba duka za a iya maidowa ba, domin wani yana tsiyayewa cikin ƙasa tare da ruwan ramin, wasu ramukan kuma suna ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Amma ko kashi ɗaya cikin goma aka kama, a Katsina da Funtuwa da Daura da Malumfashi da Dutsin-Ma inda jama'a suka taru, ba abin rainawa ba ne.

Ranka ya daɗe, ƙasashen da suka fi mu kuɗin sayen taki sun riga sun mai da wannan doka. Tarayyar Turai ta sa dutsen fosfet cikin jerin ma'adanan da take fargabar yankewarsu tun 2014. Suwizalan ta hana zuba dagwalon matatun najasa a gonaki tun 2006, sannan a 2016 ta wajabta a ciro fosforas daga cikinsa, har da ƙashin dabbobin mayanka. Jamus ta yi tata dokar a 2017: matatar da ke ɗaukar najasar mutum sama da 100,000 dole ta fara ciro fosforas daga 2029, mai sama da 50,000 kuma daga 2032, muddin dagwalon yana ɗauke da giram 20 na fosforas a kowane kilo bayan ya bushe. Hanyoyin da suke bi iri biyu ne. Wasu suna ƙona dagwalon, su jiƙa tokar da ruwan asid su tatso sinadarin, kuma a Hambag ɗin da aka fara gano shi an gina irin wannan masana'anta. Wasu kuma suna kama shi tun yana cikin ruwa. Labarin wannan hanya ta biyu yana burge ni. Ma'aikatan matatu sun daɗe suna fama da wani farin ƙanzo mai tauri da ke toshe musu bututu, suna kashe kuɗi suna fasa shi. Da aka bincika sai aka ga haɗin fosfet ne da amoniya da maganiziyam, wato taki ne tsantsa. Sai aka gina tankunan da za a sa shi ya daskare da gangan ya zama ƙwayoyi kamar na gero, a zuba a buhu a sayar. Wata matata a Jihar Oregon ta Amurka ta fara haka a 2009, babbar matatar Shikago ta bi a 2016.

Abin da ya kamata mu ɗauka daga Jamus shi ne tazarar da suka bayar: doka a 2017, aiki a 2029. Shekara goma sha biyu suka ba masu matatu su shirya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na'urorinsu kam ba namu ba ne a yanzu, kuma ina roƙonka kada ka saurari duk wanda zai zo da hotunan injin ƙona dagwalo na biliyoyin naira. Su najasarsu tana bin bututun ƙarƙashin ƙasa daga kowane gida ta taru wuri guda, tana haɗuwa da ruwan masana'antu mai gubar ƙarafa, shi ya sa suka gwammace su ƙona. Mu ba haka garuruwanmu suke ba. A ƙasar nan baki ɗaya irin wannan tsari sai ɗaiɗaikun wurare, kamar matatar Wupa ta Abuja. Tamu tana zaune a rami, gida-gida, a masai da salga da sokawe, sai ta cika a kira mota ko masu bokiti. Injin da ke buƙatar wutar lantarki dare da rana da kayan gyara daga ƙasar waje, mun ga yadda irinsa ke ƙarewa.

Abin da muke da shi, wanda Jamus ba ta da shi, rana ce. Daminarmu wata huɗu ce, sauran shekara zafi ne da iska busasshiya. Aikin da ya dace da mu mai sauƙin fahimta ne. A keɓe fili nesa da gidaje da rijiyoyi, a kewaye shi. A gina faffaɗan kwamaye na siminti, a shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, yashi a sama. Mota ta zo ta juye a kai, kaurin kamar taƙi ɗaya. Ruwan ya tsiyaye ta ƙasa ya bi bututu zuwa tafkunan da aka gina don rana da ƙwayoyin halitta su tace shi, daskararren kuma ya bushe cikin mako biyu zuwa uku a kwashe da shebur. Fosforas ba ya tashi sama kamar yadda naitirojin ke yi, yana nan a cikin busasshen. Daga nan sai a cakuɗa shi da sharar da ke ruɓewa, ragowar kayan gwari na kasuwa, ƙaiƙayi, ɓuntun shinkafa, abin tumbi daga mayanka, a tara tsibi-tsibi ana juyawa. Tsibin da aka haɗa da kyau da kansa yake ɗaukar zafi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2006 ita ce zafin ya wuce digiri 50 a duk sassan tsibin na aƙalla mako guda, domin abin da ya fi taurin kai a cikin bahaya shi ne ƙwan tsutsar ciki, wanda kan yi shekaru a ƙasa bai mutu ba. Bayan wata biyu zuwa uku abin da zai fito baƙar ƙasa ce mai laushi, ba wari. Ba tatsuniya nake ba ka ba. A Gana, kusa da Tema, an buɗe irin wannan masana'anta a 2017, suna sayar da takin a buhu da sunan Fortifer. Dakar ta Senegal tana da tashoshin da motocin kwasa ke zuwa su juye. Waɗannan makwabtanmu ne, ranarsu irin tamu, aljihunsu ma bai fi namu nauyi ba.

Ba sai mun je Gana ba ma. A tsallaken iyakarmu, a yankin Agye na Jihar Maraɗi, wajen 2009 an yi shirin da manoma ke tara fitsari a jarkoki, su toshe su ajiye har ƙwayoyin cuta su mutu, su zuba wa shuka, suka sa masa suna takin ruwa. Daga baya matan ƙungiyar manoma ta Fuma Gaskiya suka ɗauki abin tare da masu binciken noma na Nijar, suka canza masa suna zuwa Oga don a daina jin nauyin ambatonsa. A gwajin da aka yi a gonakinsu daga 2014 zuwa 2016, geron da aka zuba wa ya fi wanda ba a zuba wa ba da kusan kashi 30 cikin 100. Hausawa ne irinmu, Musulmi irinmu, ƙasarsu ta fi tamu yashi. Mata ne waɗanda gonakinsu suka fi nisa da gari kuma suka fi kowa rashin kuɗin kamfa.

Mu ma da tsohuwar zuma muke magani. Duk wanda ya tashi a birnin nan ya ga jakuna da mangala suna fita ta ƙofofin gari da takin juji da rani, su dawo da kara ko itace. Gonakin da ke kewaye da Katsina da Kano sun yi ɗaruruwan shekaru ana noma su kowace damina ba hutu, kuma wannan zirga-zirgar ce ta riƙe su: abinci ya shigo gari, taki ya koma gona. Tsohuwar salgar da aka rufe ta shekara biyu ko uku, manoma sun san darajar ƙasarta. Abin da ya canza shi ne garin ya yi girma, leda ta cika juji, ramuka suna cika da sauri, ba mai jiran su huce. Yanzu ɗanye ake kwasa, ɗanye ake juyewa.

A nan haɗarin yake, kuma ba zan ɓoye shi don in tallata taki ba. Ɗanyen bahaya a gona ko a bakin rafi cuta ce. A 2021 kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,500, Katsina kuma tana cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. Masu lambu a bakin rafin Ginzo, wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi, da ruwan da ke fitowa daga lambatun gari suke ban-ruwa, salak da kabejinsu kuma ɗanye muke ci. Ban ga laifinsu ba, neman halak suke yi da ruwan da suka samu, amma duk abin da aka zubar a kwata yana iya dawowa cikin kwanonmu. In kuma ya gangara ya shiga madatsun ruwa, fosforas ɗin da zai yi wa gero amfani shi ne zai haifar da gansakuka da kainuwa su shaƙe ruwan, kifi ya rasa iska, tace ruwan sha ya ƙara tsada.

Jiharmu ta yi rawar gani wajen yaƙi da bahaya a fili. Tun da aka sa hannu kan umarnin shugaban ƙasa mai lamba 009 a Nuwambar 2019, Jigawa ta zama ta farko da ta kammala a 2022, mu ma ƙananan hukumominmu suka yi ta karɓar shaida ɗaya bayan ɗaya. Hakimai da dagatai da limamai da ma'aikatan RUWASSA, hukumar ruwa da tsaftar karkara, sun sha wahala a kan wannan, Allah Ya saka musu. Amma duk masan da aka haƙa a waɗannan shekaru yana cika a hankali, kuma da yawansu kusan lokaci ɗaya za su cika tun da kusan lokaci ɗaya aka haƙa su. A ƙauye mai fili, a rufe a haƙa wani. A cikin birni, inda gida ɗaya ya zama uku saboda rabon gado, babu wurin sabon rami. In abin da aka tara a rami shekara biyar ya ƙare a gefen burtali cikin dare ɗaya, to bahayar fili ce ta dawo da mota. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗe mu game da bahaya a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane ke zama. Ban ga yadda za a ce hanin ya tsaya kan mutum ɗaya ya bar tanka guda ba.

Na san inda mutane za su fi tsayawa, wato maganar najasa, kuma tambaya ce ta gaskiya da bai kamata a yi mata gatse ba. Abin da muka karanta a zaure shi ne, a mazhabarmu ta Malikiyya shukar da ta tsiro da najasa tsarkakakkiya ce, littafin Muhtasar ya lissafta ta cikin abubuwa masu tsarki. Inda malamai suka yi saɓani shi ne sayar da ita najasar, da kuma hukuncin abin da ya rikiɗe ya zama wani abu daban. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta ba da fatawa tun 1978 cewa ruwan ƙazanta da aka tace har launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa suka gushe ya koma mai tsarki. Ina ba da shawara tun kafin a sa bulo ɗaya a tara malamanmu na kowane ɓangare, a kai su su ga aikin da idonsu daga juyewa har zuwa buhu, su faɗi hukuncin abin da ya fito da yadda ya halatta a yi cinikinsa. In suka yi bayani a kan mumbari, manomi zai karɓa da natsuwa. In aka tsallake su, ko kyauta aka raba takin zai zauna a sito.

Sai mutanen da aikin ke hannunsu yau. A Kano ana kiran masu kwasa da bokiti Gidan Kowa Da Akwai, sunan kuma gaskiya ne. Cikin dare suke aiki don kada a gan su. Suna shiga rami ba safar hannu, ba takalmin roba, ga iskar ramin da kan sumar da mutum nan take, ga fasassun kwalabe da allurai. Lungunan cikin gari da mota ba ta shiga, ba don su ba da ba a zauna ba. Duk dokar da za ta fara da kama su da cin tararsu alhali ba a nuna musu inda za su kai ba, zalunci ce, kuma za ta ƙara tura su cikin duhu ne kawai. A fara da wurin. In an samar da shi, a yi musu rajista, su da masu motoci, a ba su kayan kariya da rigakafi, a kafa ƙananan tankunan tarawa kusa da tsofaffin unguwanni yadda mai amalanke ba sai ya tura ganga har bayan gari ba. Ni a ganina a shekarun farko kada a karɓi ko kwabo a ƙofar tashar, a maimakon haka a ba direba ɗan abin mai a kan kowace tanka da ya kawo. Mutum ba zai ƙona man fetur ya yi tafiyar kilomita goma ya kuma biya kuɗi ba, alhali ga rami kyauta a kusa. Bayan an yi wannan, wanda aka kama yana juyewa a kwari ba shi da hanzari, duba-gari ya yi aikinsa.

Dokar da nake roƙon ka aika wa majalisa ba mai kauri ba ce. Ta faɗi wanda ke da alhakin dagwalon masai daga bakin rami har inda zai ƙare, domin a yanzu yana tsakanin muhalli da lafiya da ruwa da ƙananan hukumomi, abin da kowa ke da hannu a ciki kuwa shi ne ba mai riƙe shi. Hukumar kare muhalli ta jiha, SEPA, ita ce ta fi kusa da wannan aiki, in an ba ta iko da kuɗi. Ta wajabta wa kowane babban gari keɓe fili tun yanzu, kafin masu yanka filaye su cinye bayan gari. Ta sa wa manyan wuraren tara jama'a wa'adi irin na Jamus, makarantun kwana da tashoshin mota da kasuwanni da rukunin gidaje, cewa daga shekara kaza ba za su ba da kwasa ba sai ga mai rajista. Ta ware najasar asibitoci da ta masana'antu, kada ta shiga cikin abin da za a yi taki da shi. Kuma ta hana sayar da buhu ɗaya sai an gwada shi. Muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, muna da ta tarayya a Dutsin-Ma, ga cibiyar binciken noma ta Samaru ba nisa. Su auna ƙwan tsutsa da gubar ƙarafa da yawan sinadaran da ke ciki, a rubuta a jikin buhu kamar yadda dokar ingancin taki ta 2019 ta nema ga kowane taki. Jama'a ma akwai nasu: batir da leda da ƙunzugun yara da baƙin mai da kananzir da ake zubawa a masai don kashe wari, su ne ke lalata abin tun daga tushe, wannan kuwa aikin rediyo ne da masu unguwanni.

Ba zan ce maka kuɗin takin zai biya kuɗin aikin ba, domin ba zai biya ba. Takin gargajiya ne, yana da nauyi, sinadarinsa a kowane buhu bai kai na kamfa ba, ɗaukarsa zuwa nesa asara ce. Amfaninsa yana ga gonakin da ke kewaye da gari, kuma yana ba ƙasa abin da kamfa ba ya ba ta, wato jikin da zai riƙe danshi, har shi kamfan ya fi yin aiki in an haɗa su. Ragowar ribar a asibiti za a gan ta, a gadajen da ba su cika da masu amai da gudawa ba. Don haka gwamnati ce za ta zama mai saye na farko. Muna cikin jihohi 11 na shirin dasa itatuwa don tare hamada, wato Babbar Koriyar Ganuwa, gandayen renon itatuwa suna buƙatar irin wannan ƙasa kowace shekara. Daga nan hukumar raya aikin gona ta jiha, KTARDA, ta buɗe gonakin gwaji na gero da dawa da masara da auduga, kunya da taki, kunya babu, a gefen hanya inda mai wucewa zai gani. Kayan lambun da ake ci ɗanye a bar su tukuna har sai gwaji ya tabbata shekara da shekaru. Na yi wannan aiki na gwaji da hannuna lokacin da manoma ke gudun takin zamani suna cewa yana ƙona ƙasa, na kuma ga yadda zangarniya ɗaya mai kauri ke gama gardamar da wa'azin malamin gona na wata uku bai gama ba.

Ranka ya daɗe, na san abin da ke gabanka: tsaro, da 'yan gudun hijira, da albashi, da makarantu. Ban ce a ajiye ɗaya daga cikinsu ba. Abin da nake roƙo a kasafin kuɗi mai zuwa tasha ɗaya ce ta gwaji a wajen birnin Katsina, fili da katanga da kwamayen shanya da rumfar haɗa taki da hanyar da mota za ta bi da damina, kuɗin da bai kai na kilomita kaɗan na kwalta ba. In ta yi shekara biyu tana aiki, a ɗauki darasinta a kai Daura da Funtuwa. Sokawen gidana zai sake cika nan da shekara biyu ko uku in Allah Ya kai mu, zan kuma sake tambayar direban inda zai kai. Ina fatan a ranar ya ambaci sunan wuri, in bi shi in gani, in kuma sayo buhu biyu in kai gona.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da jiharmu lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naka mai fatan alheri,
Wani tsohon malamin gona,
Katsina.